Takwara da Na'ura: Tsokaci a kan Rarrabe Sunaye a Ragar Sani

A wannan maƙala za a yi tsokaci ne a kan wata hanya da masana kwamfuta suke bi wajen rarrabe masu suna iri ɗaya a cikin abin da za mu kira ragar sani. Ragar sani ita ce taskar bayanai wadda ake ba kowane mutum ko gari ko hukuma lamba tasa, sannan a ƙulla shi da waɗansu ta hanyar dangantaka, watau wane ɗan wane ne, wane ya mulki gari kaza. Mafi shahara ita ce Wikidata, wadda aka buɗe a 2012. Aikin da ake ɗora wa na'urar harshe shi ne ta karanta jimla, ta ga suna, ta faɗi wace lamba ake nufi.

Bari mu gwada da Muhammadu Bello. Akwai Sarkin Musulmi, ɗan Shehu, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837. Akwai Sarkin Kano, wanda rasuwarsa a 1893 ta buɗe ƙofar Yaƙin Basasa. Akwai kuma Bakatsinen nan da ya riƙe muƙamin Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Tsohuwar hanya haruffa kawai take gwadawa, saboda haka duka ukun ɗaya ne a wurinta. Na'urar harshe kuwa tana duban kalmomin da ke kewaye da sunan. In ta ga Infaƙul Maisuri sai ta nufi Sakkwato, in ta ga Kotun Ƙoli sai ta nufi alƙali. Haƙiƙa wannan ci gaba ne, kuma bai kamata a raina shi ba.

To, amma fa inda jimla ba ta ba da alama ba, na'urar takan karkata ga wanda aka fi yin rubutu a kansa. A nan ne Sarkin Kano yake shan kaye, domin takwaransa na Sakkwato ya fi shi yawan ambato nesa ba kusa ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne in mai sunan ba ya cikin ragar sam. Maimakon ta bar gurbin a buɗe, sau da yawa sai ta liƙa wa sanannen takwara aikin da bai yi ba. Ɗalibi ya kwafa a kundinsa, mai tsara littattafan laburare ya kwafa daga ɗalibi, daga nan kuskure ya sami gindin zama.

Ga kuma al'adar Bahaushe wajen kiran suna, wadda masu wannan hanya ba da ita suka yi awo ba. Mukan kira mutum da garinsu, kamar Shagari ko Tafawa Ɓalewa. Mukan kira shi da sarauta, ita kuwa sarauta yawo take yi: Wazirin Sakkwato a zamanin Bello Giɗaɗo ne, amma daga 1948 zuwa 1997 Junaidu ne. Sardauna na iya zama Ahmadu Bello, yana kuma iya zama ƙaramar hukuma a Jihar Taraba. Garba shi ne Abubakar, Sanda shi ne Umaru. Shehu kuwa, in aka faɗe shi ba ƙari a littafin tarihin jihadi, kowane ɗan makaranta ya san wa ake nufi, alhali a Barno wani ne dabam.

An dai fara aiki. Tarin MasakhaNER na 2021, wanda David Adelani da abokan aikinsa suka haɗa a harsunan Afirka 10 har da Hausa, ya koya wa na'ura gane cewa wannan sunan mutum ne, wancan na wuri. Sai dai gane jinsin suna dabam, gane mai sunan dabam. A ganina, ba ƙarfin na'ura ba ne babban giɓin, ragar ce da kanta. Muddin ba a shigar da nasaba da laƙabi da shekarun riƙon sarauta ba, babu abin da na'urar za ta kama. Masana tarihi da harshe ne suke da waɗannan bayanai, su ne kuma za su iya rubuta cewa Bello na Kano ɗan Ibrahim Dabo ne.