Ibrahim Yaro Yahaya: Malamin da Ban Taɓa Zama Ajinsa Ba

Lokacin da Allah ya yi wa Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya rasuwa a 1995, ina ɗan sakandare, ban ma san kamanninsa ba. Amma in aka tambaye ni malamina na adabi, shi nake fara ambata. Malamin da ya koyar da mu a difloma ya yi karatu a gabansa a Jami'ar Bayero, kuma duk sanda ya ambace shi sai muryarsa ta canza.

Da Tatsuniyoyi da Wasanni na fara saninsa, littattafan nan guda 6 da suka fito a farkon shekarun 1970. A nan na ga Gizo da Ƙoƙi a takarda, na gane ashe abin da kakata ke ba mu da daddare ilimi ne. Sai dai ba zan ɓoye ba, tatsuniya in ta hau takarda takan yi sanyi. Babu tsamin bakin Gizo a kunne, babu amshin yara. Ɗalibaina a nan Miga suna karanta ta ne don jarrabawa. Wannan ba laifin Malam ba ne, iyakar alƙalami ke nan.

Babban aikinsa shi ne Hausa a Rubuce, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1988. Ya biyo sawun rubutu tun daga ajami da malaman jihadi, zuwa Hukumar Fassara, gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja, har NORLA da abin da ya biyo baya. Na sha jin matasa suna cewa littafin jerin sunaye ne kawai, feɗe adabi bai yi yawa a ciki ba. Akwai ƙamshin gaskiya. Amma wa ke fiɗa ba dabba a ƙasa? Malam ya zaɓi aikin da ba mai yi wa tafi: nemowa, tantancewa, adanawa. Mu kuwa kowa so yake ya zama mai sharhi.

Littafin ya tsaya daidai bakin ƙofar adabin kasuwar Kano. Alhaki Kuykuyo Ne da In Da So Da Ƙauna duk bayansa suka fito. Ka duba ɗimbin littattafan da aka buga tun daga lokacin, nawa ne mu 'yan ƙungiya muka ajiye ko da kwafi ɗaya?

Ambaliyar 2022 ta jiƙa kwafina, shafukan suka manne, na shanya shi a kan danga. A wannan damina kuma tsohuwar da ta fi kowa sanin waƙoƙin daɓe a unguwarmu ta rasu. Shekara da shekaru ina cewa zan je na ɗauki muryarta, ga waya a aljihuna. Ban je ba.

Allah ya jiƙan Malam, ya jiƙanta. Akwai wani tsohon masunci a bakin kogi da ya yi mini alƙawarin kirarin su ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.