Maraya a Tatsuniya da Ƙagaggen Labari: Nazarin Rashi a Adabin Yaran Ƙasar Kazaure da Kewayenta

Adabin yara, wato labaran da ake shiryawa ko ake zaɓa domin waɗanda ba su balaga ba da matasan da suka fara tasawa, yana isa ga ɗan Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura ta hanyoyi uku da ba kasafai suke haɗuwa ba. Akwai tatsuniyar dare daga bakin kaka ko goggo, akwai ƙissoshin annabawa da tarihin Manzon Allah (SAW) a makarantar Islamiyya, sannan akwai ƙagaggun labarai da ake karantawa a makarantar boko ko a wayar hannu. Garuruwan nan na arewa maso yammacin Jigawa, waɗanda ukun farko ke ƙarƙashin Masarautar Kazaure, Babura kuwa ƙarƙashin Masarautar Ringim, suna cikin Jihar Kano har zuwa 1991, kuma har yanzu mafi yawan abin da 'ya'yansu ke karantawa da Hausa daga Kano da Zariya yake fitowa. Wanda ya bi diddigin waɗannan hanyoyi zai tarar da marayu ko'ina a cikin labaran, amma da wuya ya ji muryar yaron da aka yi wa rashi tana faɗin abin da ke cin sa a rai, domin mutuwa a mafi yawansu ƙofa ce da labari ke shigowa ta cikinta, da zarar ya shigo kuwa sai a rufe ta.

Tatsuniya ce ta fi nuna wannan sarai. A cikin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, waɗanda Neil Skinner ya fassara daga baya, akwai labarin wata yarinya da mahaifiyarta, wadda ita ce borar gidan, ta rasu ta bar ta a hannun kishiya. Ita ke ɗebo ruwa, ita ke daka, ita ke tuƙa tuwo, amma in an kwashe ƙanzo kaɗai ake bar mata, shi ma sai ta kai bakin kududdufi ta watsa wa kwaɗi. Ranar da za a yi wasan gari sai babban kwaɗo ya saka mata alherinta da tufafi da kayan ado, ta je wurin wasa ta baro takalmi ɗaya, ɗan sarki ya sa a nemo mai shi, daga ƙarshe ta zama matarsa. Rasuwar uwar ba ta wuce jimla ɗaya ba a cikin labarin, kuma ba a ji yarinyar ta ambace ta ko ta yi begenta ba. Abin da aka sa wa ido shi ne yunwarta da wahalarta da kyakkyawan halinta. Haka tsarin yake a tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda Abubakar Imam ya ari sunanta ya raɗa wa littafinsa, inda aka tura 'yar bora ta wanko ƙirgi a wani ruwa mai nisa, ta yi ladabi ga duk abin al'ajabin da ta gamu da shi a hanya ta dawo da dukiya, 'yar mowa kuwa ta bi sahunta da rashin kunya ta dawo da abin takaici. Masu tattara tatsuniya na baya, irin su Ibrahim Yaro Yahaya a Tatsuniyoyi da Wasanni da Bukar Usman a Taskar Tatsuniyoyi, wanda ma akwai littafi mai suna Marainiya a cikin jerinsa, sun adana wannan jigo kamar yadda suka same shi.

Bai kamata a raina abin da tatsuniya ta yi ba. Ta faɗi gaskiyar da manya ke jin nauyin faɗa, cewa riƙo, wato ɗaukar ɗan wani a rene shi, yakan zo da bambanci a kwanon abinci da rabon aiki, kuma ta faɗe ta a tsakar gida, a gaban matan da zancen ya shafa, ba tare da an kama sunan kowa ba. Ta kuma ba yaron da ke kwance a gefen tabarma tabbacin cewa taimako na iya zuwa daga inda ba a zata ba, abin da karin magana ya taƙaita da cewa rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Gazawarta ita ce ta mai da girman mutum sakamakon da ake biya daga waje. Marainiyar tatsuniya ba ta sauyawa daga farko zuwa ƙarshe, mai haƙuri ce tun fil'azal, abin da ke sauyawa shi ne tufafinta da gidan da take kwana. Yaron da ya ji haushin mutuwar uwarsa, ko ya riƙa firgita da dare, ko ya zargi kansa saboda ya ƙi zuwa aiken da ta yi masa ranar da ta kwanta ciwo, ba zai ga kansa a cikin wannan yarinya ba, har yana iya ɗauka cewa shi ne 'yar mowar da ta kasa jarrabawa.

Wannan shiru na labari yana da tushe a yadda ake zaman makoki. A ƙasar Hausa akan yi jana'iza cikin sa'o'i kaɗan, maza su zauna a ƙofar gida ko zaure kwana uku suna karɓar gaisuwa, mata kuma a cikin gida, gidaje da yawa kuma suna yin sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ko da yake malamai sun saɓa kan hukuncinta. Matar mamaci tana shiga takaba, wato zaman idda na wata huɗu da kwana goma. Kowane babba yana da gurbinsa da kalmomin da zai faɗa, mai gaisuwa ya ce yaya haƙuri, mai karɓa ya amsa da godiya ga Allah. Ƙaramin yaro kuwa sau da yawa akan kai shi maƙwabta har a fita da gawa, in ya tambaya a ce masa Baba ya yi tafiya, kuma ana yin haka ne don tausayi. Sai dai binciken da Maria Nagy ta buga a 1948 kan yaran ƙasar Hangari ya nuna cewa yaro ƙasa da shekara 5 dama yakan ɗauki mutuwa tamkar tafiya ko barci da ake dawowa daga gare shi, kuma sai wajen shekara 9 yake gane cewa ba a dawowa, kuma kowa zai ɗanɗana ta. Idan aka ce wa irin wannan yaro tafiya aka yi, an ƙarfafa masa kuskuren da yake ciki ke nan, zai kuma ci gaba da leƙa ƙofa duk lokacin da ya ji ƙarar babur a waje.

A rubutaccen adabi, littafin da ya fi kusantar wannan lamari shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wanda kuma aka daɗe ana karantawa a makarantu. Rayuwar Umar jerin rabuwa ce. Ya rasa mahaifinsa tun bai san shi ba, makircin fadawa ya sa aka kori Makau, mijin mahaifiyarsa, aka sace shi yana ƙarami, ya faɗa hannun masu cinikin bayi har ya ƙare a gidan Balarabe Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗa ya ba shi ilimi. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita, kuma da suka haɗu a Arewacin Afirka bayan shekaru masu yawa ba ta daɗe ba ta rasu. Wannan rashin jin daɗin haɗuwa shi ne babban ƙarfin littafin, domin marubucin ya ƙi biyan wahala da ladan da tatsuniya ta saba biya, ya bar mai karatu da zafin abin da ba ya gyaruwa. Girman Umar ma daga ciki ya fito, ta hanyar karatu da natsuwa, har ya zama malamin da ɗalibai ke tafiya wurinsa. Amma akwai abin lura a dabarar bayar da labarin: dattijo ne ke ba almajiransa tarihinsa a Rauta, bayan ya riga ya haɗiye baƙin cikinsa ya daidaita shi da ƙaddara, saboda haka duk abin da yaron ya ji a daren da ya farka bai ga uwarsa ba sai da ya bi ta bakin malami mai kamun kai kafin ya iso kunnen mai karatu. Uwar ce aka bari ta yi ta kuka da bege a fili, ɗan kuwa sai ta mafarki damuwarsa ta bayyana.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939 a matsayin littafin karatun makaranta, ya ɗauki wata hanya, inda aku ke jero wa Musa ɗan sarki labarai domin ya hana shi fita ya bi sahun mayaƙa, wato labari a nan abin ɗauke hankali ne daga rabuwa. Littattafan da suka ɓullo a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda masana suka kira Adabin Kasuwar Kano, ba don yara aka rubuta su ba, amma 'yan matan sakandare su ne manyan masu karanta su, kuma a nan ne wani nau'in rashi da ba na mutuwa ba ya sami baki. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, an cire wata yarinya mai suna Abu daga makaranta an aurar da ita ga dattijo, ta gudu, ta koma karatu da ƙoƙarin kanta har ta zama ma'aikaciyar jinya. A wani littafin nata, Alhaki Kuykuyo Ne, kuwa 'ya'yan Rabi sun rasa uba alhali yana raye. Marayu sun cika littattafan soyayya, sai dai a mafi yawansu maraicin dalili ne na jawo tausayi kafin attajirin saurayi ya bayyana, wato tsohon tsarin kwaɗo da ɗan sarki ne aka sake wa tufafi. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta ɗan buɗe wata kafa, ganin cewa labarin da ya zo na ɗaya a shekarar farko, Sansani, kan 'yan gudun hijira yake, na 2019 kuma sunansa Maraici.

Akan ji masu cewa bayyana baƙin ciki a labarin yara zai raunana tawakkali, amma abin da yaran ke koya a Islamiyya bai goyi bayan wannan fargaba ba. Manzon Allah (SAW) ya rasa mahaifinsa kafin haihuwarsa, mahaifiyarsa yana da shekara 6, kakansa Abdulmuɗɗalib yana da 8, kuma ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Suratu Yusuf ta ba da labarin uban da ya yi ta begen ɗansa har ganinsa ya tafi, ba a kuma zarge shi da rashin haƙuri ba. Mafi kusa da batun nan shi ne hadisin Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, ƙaramin yaron da tsuntsunsa ya mutu, Annabi (SAW) ya lura da damuwarsa ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Wannan hujja ta ishi marubucin Hausa, domin ta nuna cewa baƙin cikin yaro, ko da kan ɗan tsuntsu ne, abu ne da babba zai durƙusa ya saurara.

A wasu ƙasashe wannan nau'i ya zama reshe mai zaman kansa. Katherine Paterson ta Amurka ta rubuta Bridge to Terabithia a 1977 bayan tsawa ta kashe ƙawar ɗanta, kuma yaron littafin ya fara da ƙaryata labarin mutuwar, ya yi fushi, ya zargi kansa, kafin ya iya komawa wurin da suke wasa tare. A Monster Calls na Patrick Ness, na 2011, wanda aka gina kan tunanin Siobhan Dowd da ciwon daji ya kashe kafin ta rubuta shi, ya kai ga abin da ya fi wuyar faɗa, wato yaron da ya gaji da jinyar uwarsa har ya so abin ya ƙare, sannan kunyar wannan tunani ta riƙa cin sa. Kwaikwayon waɗannan littattafai kai tsaye ba zai yi amfani a Gwiwa ba, amma dabarar tsayawa a idon yaro daga farko har ƙarshe aba ce da za a iya ɗauka.

Buƙatar kuwa ba daga nesa take ba. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau, kuma a Oktoba 2024 tankar mai ta fashe a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, cikin masarauta ɗaya da Babura, ta halaka fiye da mutum 150. Bayan waɗannan akwai rashin da ba ya shiga jarida, na uwar da ta tafi wurin haihuwa da ƙanin da zazzaɓin damina ya ɗauke. Labarin da zai yi wa yaran da aka yi wa irin wannan rashi magana zai fara ne daga inda tatsuniya ke tsallakewa, musamman bayan arba'in, lokacin da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, aka raba gado, aka zauna shawarar riƙo. A nan ne rashi na biyu ke aukuwa, wanda sau da yawa ya fi na farko tsawo a ran yaro: baffa ya ɗauki babban ya tafi da shi Kano, goggo ta ɗauki macen zuwa Roni, uwa ta gama takaba ta koma gidansu da na goye, ɗan tsakiya kuma a miƙa shi makarantar allo a wani gari. Marubucin da ya bi ɗaya daga cikin waɗannan yara shekara guda, yana nuna yadda yake ɓoye hular mahaifinsa a ƙasan jaka, da yadda yake rasa amsa in malami ya ce kowa ya zo da babansa, zai tarar da cewa harshen da yara ke magana da shi a Kazaure da Babura yana da kalmomin da ake buƙata, kuma kunya da kara da ke hana faɗin wasu abubuwa a gaban manya su kansu kayan aikin labarin ne.