Sharhi: "Glide" Da Gajeren Bayanin Ƙamus

'Yan uwa ɗalibai, kusan kowannenmu yana da ƙamus na Ingilishi a ɗaki ko a waya, amma kaɗan ne ke karanta layin ƙarshe, inda ake faɗin asalin kalma. A wannan fitowa ina so in yi sharhi a kan layin nan, domin a ganina gajartarsa tana ɓatar da mai karatu. Zan ɗauki aikatau ɗaya, wato "glide", wanda ke nufin sulalewa cikin laushi ba tare da gargada ba, kamar shawagin shirwa a sama.

Ƙamus irin na Oxford yakan ce kalmar ta fito daga tsohon Ingilishi "glīdan", tushenta "Germanic" ne, sai ya jero "gleiten" ta Jamusanci da "glijden" ta harshen Holan. Babu ƙarya a ciki. Matsalar ita ce, Bahaushe da ya ga "Germanic" zai fassara ta da Jamusanci, ya tafi da cewa Ingilishi ya aro kalmar daga Jamus. To ba haka ba ne. "Germanic" sunan dangi ne, kamar yadda masana suka sa Hausa da Bolanci da Ngizim cikin dangin harsunan Cadi. Ingilishi da Jamusanci 'yan uwan juna ne, gado ɗaya suka ci. Ƙabilun da suka ƙetara zuwa Biritaniya daga arewacin Jamus da Denmark a ƙarni na 5 sun tafi da kalmar a bakinsu.

Hujjar tana cikin sauti, kuma ita ce ƙamus ba ya nunawa. Inda Ingilishi ke da "d", Jamusanci yakan mai da ita "t": "ride" da "reiten", "side" da "Seite", "glide" da "gleiten". Ke nan Ingilishi ne ya riƙe tsohuwar "d", Jamusanci ne ya sauya. Da aro aka yi daga Jamusancin yau, da "t" za mu gani.

Abu na biyu da aka bari shi ne tarihin nahawun kalmar. A da, "glīdan" tana cikin aikatau masu sauya wasali don nuna shuɗaɗɗen lokaci, irin waɗanda Jacob Grimm, mai littafin nahawun Jamusanci na 1819, ya kira masu ƙarfi. Shuɗaɗɗen lokacinta "glād" ne, kamar yadda "rīdan" ta ba da "rād", wadda ta zama "rode". Ingilishi ya yar da wannan ya koma "glided", amma Bajamushe har gobe yana cewa "glitt". Akwai kuma tsohon sunan shirwa, "glida", wato mai sulalewa, wanda ya rage a wasu karorin harshe a matsayin "glede".

Wani ɗalibi zai ce, ai "gl" ɗin kanta ce ke nuna santsi da sheƙi, ga "glow", ga "gleam", ga "glitter". Lalle J. R. Firth ya yi magana a kan irin wannan tarin sauti a 1930, kuma wasu masana suna haɗa su duka da wani tsohon tushe mai nufin haske. Sai dai kama da wane ba ta wane. Dangantakar "glide" da "gleiten" tana da ƙa'idar sauti da ke tabbatar da ita. Ta haske kuwa hasashe ce.

Ba na cewa a mai da ƙaramin ƙamus kundin digiri. Misali ɗaya na "d" da "t" ya isa ya raba aro da gado. Mu kuma da muke fatan rubuta ƙamus na Hausa mai bayyana asalin kalmomi, ya kamata mu lura: "littafi" aro ce daga Larabci, "huɗu" kuwa gado ce ta dangin Cadi. Duk ƙamus ɗin da bai bambance waɗannan biyu ba, bai gama aikinsa ba.