Labu: Haɗin da Ke Tsare Kilishi

Ɗanyen nama ba ya jiran kowa. A zafin bazara, tsokar da aka yanka da hantsi, in aka bar ta haka nan, kafin wayewar gari ta fara sauya wari. Amma ita dai wannan tsokar, in ta bi ta hannun gwanin kilishi, sai ta yi wata da watanni a cikin takarda, ba firji, ba wutar lantarki, ba maganin kwalba. Abin da aka ƙara mata duka-duka kayan da ake samu ne a kowace kasuwar ƙauye: gyaɗa, gishiri, citta, kanumfari, masoro, barkono, albasa da makamantansu. Mai ci yakan ɗauka don ɗanɗano kaɗai aka zuba su. Alhali kowannensu yana da aikin da yake yi bayan daɗin, kuma aikin ba ya ci sai an saka kowane abu a lokacinsa.

Babban abokin gabar mai kilishi shi ne ruwa. Kusan kashi 75 cikin 100 na jar tsoka ruwa ne, kuma a cikinsa ƙwayoyin bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani masu ruɓar da abinci, suke ci su hayayyafa. Duk abin da za a yi daga mahauta har zuwa takarda, dabarar raba nama da wannan ruwa ce.

Shi ya sa aikin yake farawa daga zaɓe. Gwani ba ya sayen nama don arharsa. Tsokar cinyar sa yake nema, mai faɗi, wadda ba ta da kitse a tsakiya. Yakan zauna ya bi ta da bakin wuƙa, ya ɗaye tantani, ya zare jijiya, ya kankare duk wani farin kitse da ya maƙale. Mai kallo zai ga kamar ɓarna ce, don nauyi ne yake raguwa. Amma kitse ba ya bushewa. In ya daɗe yana haɗuwa da iska sai ya tsufa, ya soma wari, ya bar maƙaƙi a maƙogwaro. Ɗan guntun da aka ƙyale don ganda, shi ne zai ɓata sala guda bayan sati biyu.

Sai yanka, inda ake gane wanda ya yi shekaru a sana'a. Ba gunduwa-gunduwa ake yi ba. Mai yanka yana riƙe curin tsokar a hannun hagu, ya kwantar da wuƙar da ta sha washi, ya shiga jan ta a hankali yana juya naman, naman kuma yana buɗewa yana tsawo kamar ana warware rawani. Idonsa ba ya ganin inda kaifin yake ratsawa. Yatsunsa da ke ƙarƙashi ne suke gaya masa kaurin da ya rage. In ya danna ya huda, in ya sassauta ya bar tudu. Salar kirki kaurinta ba ya kai rabin santimita, kuma ɗaya yake daga wannan baki zuwa wancan. Wannan daidaito ba don ado ba ne. Wurin da ya fi kauri bayansa zai bushe ya ƙulle danshi a ciki, kuma daga nan ruɓa take tasowa.

Ana shimfiɗa salar a kan asabari, a ɗora bisa gadon kara ko na katako don iska ta ratsa ta sama da ƙasa, nesa da ƙurar ƙafa. A hunturu, da iska take a bushe ƙayau, 'yan sa'o'i sun isa. Da damina kuwa sai an yi ta kallon sama, ana shiga da fita da kaya. Yaran gida suna tsaye suna korar ƙuda da shirwa. Can sai a ɓamɓare naman daga asabarin a hankali, a juya ɗaya gefen. In ya yi duhu ya ƙandare, shanyar farko ta kammala.

A nan ne abin mamakin yake. Mutumin da ya yini yana korar ruwa daga jikin nama, sai ga shi ya ɗauki busasshen naman nan ya tsoma shi a cikin kwano mai ruwa. Wannan kwanon shi ne na labu, damammen haɗin gyaɗa da kayan yaji. Dalilin kuwa a fili yake ga wanda ya lura: ɗanyar tsoka a ƙoshe take, ba ta da wurin karɓar komai. Wadda ta bushe kuwa da ƙishirwa take, tana zuƙar ruwan labu, ruwan kuma ya ja gishiri da yaji zuwa cikinta. Ruwan ɗan aike ne kawai. Da ya isar da saƙo za a sake korarsa.

Ƙashin bayan labu shi ne tunkuza, kuma yawanci daga hannun mata masu ƙuli-ƙuli take fitowa. Su ne suke soya gyaɗa sama-sama, su murje ɓawon, su sheƙe, su kai niƙa, sannan su zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan suna juyawa suna matsa har mai ya taso ya rabu. Dunƙulen da ya rage bayan an kwashe man shi ne tunkuza. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne. Da za a shafa ta da manta duka, da kilishin ya yi naso a takarda, ya tsufa da wuri, daidai da matsalar kitsen da aka kankare tun da safe. Tunkuzar da aka matse da kyau tana kama nama ta yi masa riga, ta riƙe yaji kada ya zube, ta kuma rage yadda iska ke taɓa tsokar kai tsaye.

Sai dai gyaɗa tana da nata haɗarin, kuma a nan ne nake ganin tsince gyaɗa ya cancanci a kira shi ilimi. Gyaɗar da ta sha danshi a gona ko a buhu takan yi funfuna, funfunar kuma ta haifar da wata guba da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta, har takan kai ga sankara. Duniya ta farga da ita ne a 1960, lokacin da talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Birazil. Suya ba ta kashe ta, gashi ma haka. Maganinta shi ne faifai da haƙuri: a baza gyaɗa, a tsince duk wadda ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko ta yi ɗaci. Matar da ta zauna tana wannan tsintar ta tsare lafiyar mutanen da ba za ta taɓa ganin fuskarsu ba.

Gishiri shi ne na biyu a girma. Aikinsa jan ruwa ne. Galibi ƙwayar bakteriyar da ta faɗa inda gishiri ya yi yawa, ruwan jikinta yake tsotsewa, ta kasa hayayyafa. Ɗan sukarin da wasu ke sawa ma, ban da sassauta zafin barkono, yana riƙe wani ɓangare na danshin ya hana ƙwayoyin cuta amfana da shi. Masana kimiyyar abinci ba yawan ruwa kaɗai suke aunawa ba, suna auna ruwan da yake a sake, wanda ƙwayar cuta za ta iya sha, a kan ma'aunin da ya tashi daga 0 zuwa 1. Ɗanyen nama yana wajen 0.99. Yawancin bakteriya masu cutarwa suna tsayawa in an sauka ƙasa da 0.9, funfuna ta fi su juriya, amma ƙasa da 0.6 babu abin da yake tsiro. Mai kilishi bai riƙe wannan ma'auni ba, amma shi yake bi da rana da gishiri.

Kayan ƙamshin kuwa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a gane darajarsu. Kanumfari, wanda furen itace ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe, asalinsa daga tsibiran Maluku na Indunusiya, ana kuma nomansa da yawa a Pemba da Zanzibar. Mafi yawan mansa wani sinadari ne mai suna yujinol. Shi ne yake kashe zogi in aka cusa kanumfari a kogon haƙori, kuma likitocin haƙori suna amfani da shi har yau. A jikin nama yana danne ƙwayoyin cuta, yana kuma jinkirta tsufan mai. Ƙarfinsa ya sa ake auna shi da yatsa uku. In ya yi yawa sai ya daskarar da harshe ya rufe sauran ƙamshi. Citta mai yatsu tana taimakawa wajen hana mai tsufa. Tafarnuwa kuma tana da wata ɗabi'a: sinadarinta mai yaƙi da bakteriya, alisin, ba ya samuwa sai an daka ta ko an yanka. Wani masani a Amurka, Chester Cavallito, shi ya fara ware shi a 1944, amma turmin gidajenmu ya daɗe yana fito da shi. Masoro da kimba da fasaƙwari suna ba da wannan ƙamshi mai nauyi da ke tashi in an buɗe takarda. Barkono yana kawo zafi da ja, albasa ta kawo zaƙi.

Bai kamata a ɗora wa yaji abin da ba zai iya ɗauka ba. Ko an zazzage buhun kanumfari a kan jiƙaƙƙen nama, ruɓewa zai yi. Yaji mataimaki ne. Bushewa da gishiri da wuta su ne manyan masu gadi. Ƙwarewar tana cikin jera su, yadda abin da ya tsallake wannan shinge zai ci karo da na gaba.

Ana daka kayan nan lukui, a tankaɗe, a jiƙa tunkuza a dama su tare. Kaurin labu ba a rubuce yake ba. Gwani yakan tsoma hannu ya ɗaga, ya duba yadda yake zuba daga yatsunsa. In ya yi tsululu zai zame daga jikin nama, ya kuma mayar da shanya baya. In ya yi kauri zai yi ɓawo a sama, ya farfashe ya zube a hanya, ya bar tsokar tsirara. Ana tsoma sala ɗaya-ɗaya, a shafe gaba da baya, a bar ta ta yi laushi ta sha, daga 'yan mintuna zuwa kamar sa'a guda, gwargwadon bushewarta. Labun yau na yau ne. Wanda ya kwana ya yi tsami, kuma mai son sana'arsa ba ya haɗa shi da sabo.

Kowane gida da hannunsa, kuma ba kasafai ake faɗa wa baƙo ma'aunin ba. Na Agadasawa a Kano daban, na Madawa da Tasawa a Nijar daban, haka na Ngaundare a Kamaru. A Nijar ana rarrabe iri uku: ja, da fari, da rumuzu, wanda ba a tsoma shi a tunkuza, sai dai a shafa masa mai da gishiri da yaji. Sunan ya yi nisa har hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka da dama, wadda hedikwatarta ke Yawunde, ta yi wa kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da ingancinsa ke ɗaure da ƙasarsa da hanyar yinsa.

Bayan labu sai a koma asabari, shanya ta biyu, har rigar gyaɗar ta bushe ta daina kama hannu. Sannan wuta. Ba harshen wuta ake so ba, garwashi ne da ya huce ya yi jajir ba hayaƙi mai yawa. Ana ɗora salar a kan raga na 'yan mintuna, ana juyawa ba ƙaƙƙautawa. Wannan ɗan gashin yana dafa tunkuza ya fito da ƙamshinta, ya kori sauran danshi, ya kuma kashe abin da ƙuda da ƙura da hannu suka bari, har da wanda ya shigo tare da kayan yajin kansu. Mai gashi da hanci yake aiki. Tsakanin ƙamshi da ƙauri ɗan juya baya ne.

Akwai gajeruwar hanya, kuma an ga inda take kaiwa. Masu son kuɗi ba wahala sukan fesa maganin ƙwari a kan busasshen abinci maimakon su tsaya su shanya shi yadda ya kamata. Irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa. Gwanin kilishi yana biyan nasa kuɗin ne da zama cikin rana, da korar ƙuda da hannu ko rufa raga, da yarda cewa nama mai nauyi zai koma ƙasa da rabin nauyinsa kafin ya sayar.

Ko an sauke daga wuta, da sauran aiki. Kilishi mai zafi ba a naɗe shi, sai ya sha iska ya huce sarai, don tururin da aka rufe zai koma ruwa. Shi ya sa takarda mai kauri ta fi leda a wurin wanda bai tabbatar da bushewar kayansa ba: takarda tana numfashi, leda kuwa tana tara gumi. Mai saye zai iya gwadawa da kansa. Ya ɗaga salar ya duba ko haske yana ratsa ta, ya lanƙwasa gefe ya ji ko za ta karye ko ta tsage a bushe, ya shinshina ko akwai warin tsohon mai. In za a ajiye a gida, a sa a wuri mai iska, nesa da randa da bango mai danshi. Da damina, in ya fara laushi, a ɗan mayar da shi kan garwashi ko a baza shi a rana kafin funfuna ta riga kai. Wanda farin gashi ko kore ya riga ya fito masa kuwa, zubarwa ake yi, ba a kankarewa.