Mace da Aljana a Cikin So Aljannar Duniya

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ikara, Maƙarfi ko Kudan ya san irin gargaɗin da iyaye kan yi wa yara game da gindin tsamiya da tsakar rana, ko bakin rafi bayan magariba. Bahaushe bai taɓa ɗaukar aljani baƙo a rayuwarsa ba, don haka ba abin mamaki ba ne a gan shi cikin ƙagaggun labarai. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne, wa marubuta suka saba ba aikin tunkarar aljanin, da kuma yadda littafin So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid ya sauya wannan al'ada.

Asalin littafin

Kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga littafin a 1980, bayan gasar da ya shirya, wadda ta fito da shi tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. An haifi marubuciyar a Kano a 1952, kuma masana sun yi ittifaƙi cewa wannan ne ƙagaggen labarin Hausa na farko da aka buga wa mace.

Jigo da warwararsa

Labarin Boɗaɗo ne, wata yarinya Bafulatana da ta zaɓi Yasir, wanda ba ɗan ƙabilarsu ba ne, ta kuma faɗa wa manyanta haka da bakinta, abin da kunyar Fulani ba ta yarda da shi ba. Bayan wannan rikici na dangi sai ga wani da ya fi shi: wata aljana ta ƙyalla ido a kan Yasir.

A nan ne littafin ya bambanta da na gabansa. A Ganɗoki na Bello Kagara (1934), namiji ne ke fita da takobi ya je ƙasashe masu nisa ya yi artabu. Ko a labarin Bayajida, baƙo ne ya kashe macijin rijiyar Kusugu, sarauniyar Daura kuwa aurenta aka yi a ƙarshe. Wato namiji ke yaƙi, mace ce lada. Hafsatu ta juya zancen. Namijin ne abin nema, macen ce aka bar wa ɗawainiyar tsare gidanta. Haka kuma aljanar ba a ƙungurmin daji take jiran matafiyi ba. Cikin rayuwar ma'aurata na wannan zamani ta kutso.

Ana iya kukan cewa shigowar aljana ta raba littafin gida biyu, rabi zahiri, rabi tatsuniya. Ni ban ga haka ba. Aljanar nan kishiya ce, sai dai kishiyar da ba a kai ƙararta wurin waliyyi ko alƙali. Yarinyar da ta iya tsayawa gaban manyanta a farko ita ce za ta iya jure wannan jarrabawa, don haka kashi na biyu gwaji ne na halin da aka nuna a kashi na farko. Rauninsa dai shi ne ƙanƙanta: al'amura na bin juna da sauri, mai karatu bai gama numfasawa daga wani ba sai wani ya taso.

Kammalawa

Marubuta mata na adabin kasuwar Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, sun zo sun tarar an riga an share musu hanya. Saboda haka kuskure ne malami ya ture littafin da sunan soyayya ce kawai, ko yaɗa camfi. Ya kamata malaman Hausa a makarantunmu su karanta shi tare da Ganɗoki, sa'an nan su tambayi ɗalibai, musamman 'yan mata: wa ya fi jarunta, mai takobi a ƙasar wasu, ko wadda abin tsoro ya iske har ɗaki ba ta gudu ba?