Shin Futuhatun Musulunci ne Suka Haifi Daular Sharlaman? Nazari a kan Ra'ayin Henri Pirenne

Gabatarwa

 Wannan maƙala nazari ce a kan littafin Mahomet et Charlemagne na masanin tarihi ɗan ƙasar Baljiyam, Henri Pirenne (1862–1935), wanda aka buga da Faransanci a 1937, shekara biyu bayan mutuwarsa. Littafin ya ɗora wa futuhatun Musulunci alhakin rushewar tsohuwar duniyar Rumawa, da bayyanar daular Sharlaman, da kafuwar tsarin caffa da gandu a Yammacin Turai, wato tsarin da littattafan Larabci na zamani suke kira nizamul iƙɗa'i. Ra'ayin yana da fuska biyu. Mai neman aibata Musulunci yana samun hujja a cikinsa cewa Musulmi ne suka jefa Turai cikin duhu, mai neman alfahari kuma yana samun hujjar cewa Musulunci ne ya ƙera Turai. Dukkansu sun karɓi hukunci kafin su tantance shaidu, alhali tantance shaida shi ne aikin ɗalibin da ya ratsa ilimin jarhu da ta'adili.

Taƙaitaccen Ra'ayin Marubucin

Pirenne ya fara da ƙaryata abin da aka saba koyarwa, cewa wayewar Rum ta faɗi a 476, shekarar da Odowakar ya tuɓe sarkin Rumawan Yamma na ƙarshe. A ganinsa ƙabilun Jamus da suka kafa sarautu a Faransa da Sifen da Italiya sun gaji Rum ne kawai. Sun riƙe harshen Latin a fadojinsu, sun ci gaba da buga kuɗin zinari, jiragen fatake kuma suna sauke kaya daga Sham da Masar a tashar Marsiliya. Abin da ya riƙe wannan duniya wuri guda shi ne Bahar Rum. Da Musulmi suka buɗe Sham da Masar, suka karɓi Ƙarɗajana a 698, suka ƙetara Andalus a 92 Hijiriyya (711), sai tekun, in ji shi, ya tashi daga hanya ya koma iyaka tsakanin addinai biyu.

Ya kafa hujja da ɓacewar abubuwa huɗu daga ƙasar Faranja: takardar bardi ta Masar, da kayan yaji, da tufafin alharini, da kuɗin zinari. Daga nan ya gina natijarsa. Fatauci ya mutu, birane suka tsumbure, haraji ya ƙafe, ƙasar noma ta zama ita kaɗai ce dukiya. Sarki ba shi da abin biyan mayaƙansa sai fili, mayaƙi kuma ya yi masa caffa a kan filin. Cibiyar mulki ta koma arewa, Fafaroma ya juya wa Ƙusɗanɗiniyya baya, har Liyo na Uku ya naɗa wa Sharlaman kambin sarauta a birnin Rum a 800.

Shaidu Huɗu a Ma'aunin Tarihi

Ƙa'ida ce sananna cewa sababi ba ya zuwa bayan musabbabi, kuma abubuwa biyu da suka faru a zamani ɗaya ba dole ne ɗaya ya haifi ɗaya ba. Da wannan ma'auni Robert Lopez a 1943 da Daniel Dennett a 1948 suka auna shaidun huɗu, suka nuna cewa ba su ɓace lokaci guda ba, wasunsu ma ba su ɓace ba sam.

Fadar Faranja ta bar takardar bardi ta koma rubutu a kan fata a wajen shekarun 670, wato kimanin shekara talatin bayan Amru bn al-Asi ya buɗe Masar. A tsawon waɗannan shekaru takardar tana isowa daga ƙasar da ke hannun Musulmi. Fadar Fafaroma kuwa ta ci gaba da rubuta wasiƙunta a kan bardi har cikin ƙarni na 11. Gaskiya ne Balazuri ya ruwaito a Futuhul Buldan rikicin da ya auku tsakanin Abdulmalik bn Marwan da sarkin Rumawa saboda canza tambarin Kiristanci da ke kan takardun zuwa kalmar tauhidi, har aka hana fitar da su na wani lokaci. To amma wannan takunkumi ne na siyasa tsakanin dauloli biyu, kuma ya zo bayan Faranja sun riga sun koma fata.

Haka zancen zinari yake. Tsabar Faranja ta daɗe tana raguwa a nauyin zinarinta cikin ƙarni na 7, kuma sun koma buga azurfa a wajen shekarun 670, kafin faɗuwar Ƙarɗajana, kafin kuma Abdulmalik ya buga dinarinsa mai rubutu zalla a 77 Hijiriyya. Daga baya ma zinarin Musulmi ya yi ƙima a Turai har Sarki Offa na Marsiya a Ingila (757–796) ya sa aka kwaikwayi dinarin halifa Mansur na shekarar 157 Hijiriyya, da kalmar shahada a jikinsa, aka ƙara sunansa da baƙin Latin a juye. Wannan tsaba tana nan a babban gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Kayan yaji kuwa, malamin cocin nan Bede, da ya zo mutuwa a arewacin Ingila a 735, masoro da turare na cikin ɗan abin da ya raba wa 'yan'uwansa ruhubanawa.

Yadda Aka Karanta Ibn Haldun

Daga cikin abin da ya fi jan hankalin mai karatu Musulmi akwai dogaron Pirenne da maganar Ibn Haldun a Muƙaddima, inda ya siffanta rinjayen Musulmi a teku da cewa ya kai matsayin da Nasara ba su da ikon sa ko katako ya yi iyo a kansa. Wanda ya koma ga faslin shugabancin jiragen yaƙi zai ga cewa Ibn Haldun yana magana ne a kan zamanin Aglabawa da Faɗimawa da Umayyawan Andalus, har ya ambaci Mujahid al-Amiri da yaƙinsa a Sardiniya a farkon ƙarni na biyar na Hijira. Yaƙin Siƙilliyya da alƙali Asadu bn al-Furat, mai littafin Asadiyya wanda Mudawwana ta tsiro daga gare shi, ya jagoranta, ya fara ne a 212 Hijiriyya (827). Sharlaman ya mutu a 814. Ke nan rinjayen da ake cewa shi ya haifi daularsa bai kankama ba sai bayan an binne shi. A ƙarni na 8 jiragen Rumawan Gabas ne ke da ƙarfi a tsakiyar teku, kuma su ne suka wargaza ƙawanyar da Maslama bn Abdulmalik ya yi wa Ƙusɗanɗiniyya a 717–718.

Akwai kuma zato da ke ɓoye a ƙarƙashin littafin, cewa bambancin addini shi kansa yana hana ciniki. Fiƙihu bai goyi bayan wannan ba. Abu Yusuf ya ruwaito a Kitabul Haraj cewa Umar bn al-Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya ba fataken Manbij, waɗanda ba sa ƙarƙashin daular Musulunci, izinin shigowa da kayansu a karɓi ushira. Babin amana da hukuncin musta'amini sananne ne a dukkan mazhabobi. An san Malikawa sun karhanta tafiyar Musulmi ƙasar abokan gaba don fatauci, kuma Risalar Ibn Abi Zaid ta haɗa ƙasar Sudan a cikin wannan karhanci. Amma duk mai masaniya da tarihin ayarin Sahara ya san karhancin bai tsayar da raƙumi ko ɗaya ba. Hukuncin da ke cikin littafi daban, abin da ya wakana a kasuwa daban, kuma mai tarihi yana bukatar duka biyun.

Shaidar Kufai da Hanyoyin Fatauci

Abin da ya fi raunana ra'ayin shi ne binciken kufai, wanda bai bunƙasa ba a zamanin marubucin. Richard Hodges da David Whitehouse sun nuna a 1983 cewa tulunan mai da na giya da kasaken Afirka ta Arewa da ake haƙowa a biranen Yamma sun fara raguwa tun kafin Hijira. Dalilan suna nan a fili: Wandal sun kame Ƙarɗajana a 439 suka yanke hatsin haraji da ke ciyar da birnin Rum, annoba ta ɓarke a 541, yaƙin Jastiniyan da Gutawa ya ragargaza Italiya daga 535 zuwa 554, Lambardawa suka shigo a 568. Chris Wickham a 2005 ya ƙara bayyana cewa jigon wancan fatauci shi ne harajin daular Rum da dukiyar manyan masu ƙasa, da suka raunana sai jigilar kaya ta bi su. Musulmi sun iso gidan da rufinsa ya daɗe yana yoyo.

Michael McCormick kuwa, a 2001, ya tattara labaran matafiya da tsabobin da aka haƙo, ya nuna cewa zirga-zirga ta kai ƙasa a farkon ƙarni na 8, sannan ta farfaɗo a zamanin Sharlaman kansa ta hanyar Bunduƙiyya da tekun Adriyatik, kuma kasuwannin daular Abbasiyya ne suka ja ta. Ibn Hurdazbih ya siffanta fataken Yahudawa Razaniyya masu tasowa daga ƙasar Faranja da bayi da fatu da takubba, su komo da miski da kafur da kirfa. A nan akwai gaskiya mai ɗaci ga ɓangarorin biyu: mafi tsadar hajar da Turai ta sayar ita ce ɗan'adam, musamman Saƙaliba, Kiristoci na sayarwa, Musulmi na saye. Tarihin fafaromomi ya ambaci yadda Zakariyya (741–752) ya fanshi bayi daga hannun fataken Bunduƙiyya da ke shirin kai su Afirka. Mai alfahari da cewa zinarin Musulmi ne ya raya Turai, wajibi ne ya ambaci abin da aka saya da shi.

Ko labarin giwar Abul Abbas da Haruna ar-Rashid ya aika, ta isa fadar Akin a 802, yana koyar da ma'auni. Marubutan Faranja sun cika littattafansu da ita, amma Ɗabari bai ambace ta ba. Abin da ya zama abin tarihi a Akin bai kai labari ba a Bagadaza.

Caffa, Gandu da Iƙɗa'i

Tsarin caffa yana da saiwoyi na cikin gida: barantakar da talakan Rum yake yi wa mai ƙasa, da rantsuwar da mayaƙin Jamus yake yi wa jagoransa, da filayen coci da ake ba mayaƙa aro. Heinrich Brunner ya yi ƙoƙari a 1887 ya danganta shi da yaƙin Balaɗush Shuhada na 114 Hijiriyya (732), cewa dawakin Abdurrahman al-Gafiƙi ne suka tilasta wa Sharl Martal ƙwace filayen coci don ciyar da barade. Masana da yawa sun raunana wannan saboda ƙarancin shaida. Tarwatsewar iko ta yi tsanani ne bayan jikokin Sharlaman sun raba daular a Fardan a 843, ga harin mutanen arewa da marubutan Andalus suke kira Majusu, ga kuma muƙamai da suka fara zama gado, kamar yadda ake hangowa a dokar Kiyarzi ta 877. Elizabeth Brown a 1974 da Susan Reynolds a 1994 ma sun yi jayayya cewa tsarin, a siffarsa ta littattafan makaranta, malaman shari'a na baya ne suka tsara shi suka ɗora wa zamanin da bai san shi haka ba.

Saboda haka fassara shi da iƙɗa'i na bukatar hattara. Mawardi a al-Ahkamus Sulɗaniyya ya raba iƙɗa'i gida biyu, na mallakarwa da na cin amfani, kuma a na biyun abin da ake ba soja shi ne harajin fili, asalin iko yana hannun shugaba da diwaninsa. Amfani da kalma ɗaya ga abubuwa biyu yana sa ɗalibi ya hukunta fiƙihunmu da laifin tarihin wasu.

Kammalawa

Adalci ya wajabta a ba Pirenne haƙƙinsa. Ya yi daidai da ya ƙi ɗaukar 476 a matsayin katanga, da ya ga cewa cibiyar Turai ta ƙaura arewa, da kuma ya tilasta wa masana su karanta tarihin Faranja tare da na Dimashƙa da Bagadaza. Akwai ma tasiri na kaikaice da ba a musunsa: shagaltar Rumawan Gabas da yaƙin Musulmi na cikin abin da ya hana su kare Rabanna daga Lambardawa a 751, har Fafaroma Istifanus na Biyu ya ƙetara tsaunuka ya shafe Bibin, mahaifin Sharlaman, da man sarauta a 754. Kuskurensa shi ne mayar da sababi ɗaya daga cikin sababai da yawa ya zama shi kaɗai, da jingina ga nassin Larabci ba tare da duba zamanin da yake magana a kansa ba. Gurbin da ya rage na masu Larabci ne, domin Balazuri da Abu Yusuf da Ibn Hurdazbih suna hannunsu ba da tafinta ba. Sharaɗin kawai shi ne su auna ruwayar da ta yabe mu da ma'aunin da suke auna wadda ta zarge mu. Allah ne Mafi sani.