Sharhi a kan Gyaran Rubutun Hannu a Kwamfuta Mai Alƙalami: Matsayin Boko da Ajami

Manufar wannan takarda ita ce mu auna hanyoyin da aka bi don sauƙaƙa karanta rubutun hannu a kwamfutar da ake rubutu a fuskarta da alƙalami, mu ga ko sun dace da Hausa.

Hanya ta farko ita ce na'ura ta karanta hannun mutum ta mayar da shi bugagge. Haka Newton ta kamfanin Apple ta yi a 1993, amma ta sha suka saboda yawan kuskure. Ta biyu ita ce a tilasta wa marubuci wasu siffofin haruffa, kamar tsarin Graffiti na kamfanin Palm a 1996. Ta uku kuwa ita ce na'ura ta bar rubutun, ta dai miƙar da karkatattun layukansa.

A ganinmu, duk ukun an gina su ne bisa haruffan Turanci, alhali ma'anar kalmar Hausa takan rataya a kan ƙaramar alama. Lanƙwasa ce kawai ta raba "kafa" da "ƙafa", da "bari" da "ɓari". Na'urar da ta ɗauki lanƙwasa a matsayin rawar hannu ta share ta, ta ƙawata rubutu amma ta ɓata magana.

Matsalar ta fi tsanani a ajami. Almajirin makarantar allo a Kanya Babba ko Ɓaɓura, mai bin ruwayar Warshu, yana sa wa "fa" ɗigo ɗaya a ƙasa, "ƙaf" kuma ɗigo ɗaya a sama. Na'urar da aka horar da hannun Gabas za ta karanta "ƙaf" ɗinsa a matsayin "fa". A 2016 tsarin Unicode ya ƙara keɓe wa waɗannan siffofi gurbi na musamman. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da haruffan Alkalami, waɗanda suka kwaikwayi hannun Kano. Wannan abin yabo ne, sai dai aikinsu bugawa ne, ba gane rubutu ba.

Saboda haka muna ba da shawara ga kwalejojin ilimi su tattara samfurin hannun malamai da ɗalibai, boko da ajami, don horar da na'ura. Ma'aunin nagartar kowane gyara shi ne ɗigo da lanƙwasa su tsira a inda marubuci ya ajiye su.